Mai Ban Ruwan Ganye Yana Kwana da Makaroni: Kira ga Jama'ar Sukra

Duk wanda ya san Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, ya san cewa unguwar Sukra, kamar sauran unguwanni irin su Gurda da Mahdiyya da Manshiyya, ta tara 'yan ƙasa da baƙi, kuma a cikin baƙin nan akwai 'yan'uwanmu masu jin Hausa daga Nijar da Nijeriya, waɗanda suka keto Sahara ta Agadas da Dirku da Gatrun, suna bin sawun fataken da suka riƙa kai fata da tufafin Kano zuwa Murzuƙ tun zamanin kakanni. An sha yin magana a kan wahalar hanyarsu, amma mas'alar abin da suke sa wa a cikinsu bayan sun iso, wadda a ganina ita ce take cin lafiyarsu sannu a hankali, ba ta sami mai kula ba.

A leƙa ɗakin da samari goma suka yi karo-karo suka kama haya, bayan sallar magariba. Tukunya guda ce bisa gas, a cikinta makaroni da tumatirin gwangwani da mai da barkono, abin da mutanen ƙasar ke kira mubakbaka. Da safe kuwa burodi ne da shayi mai tsananin sukari, in an yi sa'a a buɗe gwangwanin kifi. Haka yau, haka gobe, har shekara ta kewayo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da yawa daga cikin samarin nan su ne suke yini a gonakin bayan gari suna ban ruwan albasa da tumatir da kuɓewa da kankana da lalo, su ne suke ɗora su a mota, sa'an nan su koma gida hannu rabbana.

Sababin wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Kafin shekarar 2011 gwamnati tana raba gari da shinkafa da mai da sukari cikin rahusa ta hannun ƙungiyoyin haɗin gwiwa na unguwanni, har jama'a suka saba da busasshen abinci. Da tsarin ya rushe, sai sabon ya zauna, rahusar ta tafi. A watan Janairu na 2021 aka karya darajar dinari har dala guda ta koma dinari 4.48, alhali mafi yawan abincin ƙasar daga ƙetare yake zuwa, kuma sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 daga Tarabulus kafin ya iso Sabha. Manomin Fezzan kuma, da yake ruwan sama sai a shekara ba a gani ba, dogaronsa ga rijiya da injin ne, to da zarar an ɗauke lantarki ko mai ya yi wuya, shukarsa ta ƙone, farashi ya hau. Ga shi kuwa tun 1996 ruwan rijiyoyin Hasawna na wannan yanki yake shayar da Tarabulus.

Ba na musun ƙoƙarin da ake yi, kuma wajibi ne a yaba shi. A watan Ramalana masu hali suna shimfiɗa abincin buɗa-baki a ƙofofin masallatai ba tare da tambayar baƙo takardarsa ba, ƙungiyoyin agaji irin su Hilal Ahmar suna raba kwandunan abinci, shugabannin jaliya, wato al'ummar baƙi, kuma suna tara gudummawa in wani ya kwanta ciwo ko ya rasu. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai a duba cikin kwandon: makaroni ne da shinkafa da mai da sukari, wato ainihin abin da ya riga ya yi wa talaka yawa. Cika ciki ake yi, jiki kuwa yana neman ganye da wake da ɗan nama, kuma azumi wata guda ne cikin goma sha biyu.

A nan akwai wani hukunci na fiƙihu da ya kamata malamai su jawo hankalin mawadata gare shi. A mazhabar Imamu Malik, wadda mu da mafi yawan mutanen Libiya muke bi, zakkar noma tana kan hatsi da dabino da makamantansu, rabin ushiri ga wanda ya shayar da injin, amma ba ta wajaba a kan ganyaye da kayan marmari ba. Ma'anar wannan ita ce, haƙƙin wajibi ba zai taɓa kai wa miskini kuɓewa ko tumatir ba, sai dai ta ƙofar sadaka da waƙafi. Baƙo ba shi da ikon mallakar fili, amma ɗan ƙasa mai gona yana iya keɓe kadada guda, da rijiya mai aiki da hasken rana, ya tsayar da amfaninta ga matalautan unguwa, a shuka zogale da yakuwa da rama, waɗanda suke jure zafi kuma mutanenmu sun san nomansu tun suna yara.

Su ma 'yan'uwanmu akwai nasu nauyin. Sau da yawa za ka ji saurayi yana cewa, "Ni nema na zo, ba ci na zo yi ba," yana ƙuntata wa kansa domin ya aika gida. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma jikin nan amana ne, kuma shi ne kaɗai jarin da ya ƙetare hamada da shi. In ya karye, iyalin da ake tara wa kuɗin su ne farkon masu hasara. Mutanen da suka iya adashi, suka iya tara kuɗin likkafani cikin dare guda, ba za su kasa haɗa asusun mako-mako ba, ɗakuna biyar ko goma, su wakilta amintacce guda ya sayo kayan miya da dabino a bakin gona da farashin sari, a raba ran Juma'a.

Don haka ina roƙon limaman Sukra su sanya wannan magana a cikin huɗuba, shugabannin jaliya kuma su kira taro a kanta tun kafin azumi mai zuwa, masu raba kwando su rage sukari su ƙara wake da dabino da kayan lambu.