Ra'ayinmu: Takin Gwamnati, Na Mai Fartanya Ne Ko Na Mai Takarda?

Duk shekara idan hadari ya fara haɗowa a gabas, sai gidajen rediyo su cika da shelar cewa gwamnati ta kawo takin zamani cikin rahusa. Abin da ba a yin shelarsa shi ne sunayen waɗanda suka karɓa. A kan haka muke jan hankalin jama'a, musamman mutanen Gwammaja da sauran unguwannin Dala.

Tallafin taki ya daɗe a ƙasar nan. Tun 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, gwamnatin tarayya ta riƙe sayen taki da rabonsa, aka yi shekaru tana biyan fiye da rabin kuɗin kowane buhu. A Kano kuma aka kafa KNARDA da KASCO a farkon shekarun 1980 domin kai wa manomi kayan aiki har ƙauyensa. An janye tallafin a 1997, aka dawo da shi a 1999 a kan kashi 25 cikin 100.

To, ina gizo yake saƙar? Duk hajar da aka yi wa farashi biyu, na gwamnati da na kasuwa, riba tana hannun wanda ya riƙe takardar rabo. Sai ka ga ɗan siyasa da ɗan kwangila da ɗan barandan mai mulki, waɗanda ba su taɓa yin huɗa ba, an rubuta masu tirela guda. Su sayar da takardar tun kafin a yi lodi, takin ya faɗa kasuwa ko ya ƙetare iyaka. Manomin Bichi ko na Dawakin Tofa kuwa, ko dai ya saya da tsada, ko a raba masu buhu ɗaya su biyar, bayan gero ya riga ya yi kai.

Gwamnati da kanta ta yi shaidar wannan. Dakta Akinwumi Adesina, wanda ya zama ministan gona a 2011, ya bayyana cewa manoma 11 kacal cikin 100 ne takin tallafi yake isa gare su. Shi ya sa a 2012 aka fito da tsarin tura wa manomi saƙo ta wayar salula, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. An rage 'yan tsakiya, amma rashin sabis a ƙauyuka da jinkiri da bashin da dillalai suka biyo gwamnati sun raunana shirin, har ya shiririce.

Me ya shafi mutumin birni? Da fari, masu karɓar takardun nan yawancinsu a birni suke zaune, maƙwabtanmu ne, tare muke zuwa ɗaurin aure da jana'iza. Na biyu, duk buhun takin da ya kauce wa gona, a kasuwar Dawanau za mu biya kuɗinsa, ranar da kwanon masara ya gagari magidanci. Kuma abin kunya ne a ce unguwar da Malam Aminu Kano ya zauna har ya rasu a 1983, yana kare haƙƙin talaka, ta kawar da kai daga wannan zalunci.

Saboda haka muna kira da a liƙa sunayen duk waɗanda aka ba taki, da yawan buhunansu, a ƙofar dagaci da sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa ya karanta. A kawo taki kafin shuka, a raba shi a bainar jama'a, gaban masu unguwanni da dattawan da suka san mai gona da marar gona. Wanda kuma aka miƙa wa takarda alhali ba shi da ko kunya ɗaya ta noma, ya sani haƙƙin wani ne a hannunsa, amana ce da za a tambaye shi a kanta. Ya mayar da ita tun da sauran dama.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.