Ra'ayi: Kafin motar lantarki ta hau hanyar Dogondutsi, a fara sanin gaskiyar lambar da take nuna wa direba

Daga Yamai zuwa Dogondutsi tafiyar kimanin kilomita 275 ce a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, garin Dosso na tsakiya. Daga Dutsi zuwa Birnin Konni akwai wasu kilomita kusan 145. Duk direban da ya saba da wannan hanya ya san cewa ƙarewar mai ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Ko da allurar mai ta mutu tun bara, za a samu mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, ko ɗan kabu-kabu da zai ɗauki jarka ya je gari na gaba ya dawo. Motar lantarki ba ta da wannan gata, domin ba a sayar da caji a kwalba. Abin da direbanta ke dogaro da shi kawai shi ne lambar da ke allon gabansa, wadda ke gaya masa kilomita nawa suka rage kafin batir ya ƙare. Idan lambar nan ta yi ƙarya, sai dai a nemo motar da za ta ja shi.

Wani zai ce ai wannan zance ya yi wuri. Gaskiya ne motar lantarki ba ta zama ruwan dare ba a gundumomin Dogondutsi da Tibiri, kuma akwai ƙauyuka da dama a ƙasar Arewa da har yanzu babu wutar da za a caja waya, balle mota. Sai dai abin na ƙara matsowa. Tun watan Afrilun 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, lokacin da Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt, ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta Najeriya. A Disambar 2023 aka ƙaddamar da tasi masu lantarki a Maiduguri. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur a 2024, babura masu batir kuma na ta kai-kawo a Kwatano da Lome. A gida ma, dogayen layukan mai da aka gani a gidajen mai na Nijar a watan Maris na 2025 sun isa su sa ɗan kasuwa ya fara tunanin wata hanya. Abin da ya shiga kasuwar Sakkwato ko ta Kano kuwa ba ya daɗewa bai tsallako iyaka ba, kuma mafi yawa ta hannu yake zuwa.

Ya kamata a fahimci yadda wannan lamba take samuwa, domin a nan matsalar take. Tankin mai ana iya zura sanda a ga inda ya tsaya. Batir ba ya leƙuwa. Akwai wata ƙaramar kwamfuta a jikinsa da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, tana duba ƙarfin wutar da zafin batirin, sannan ta yi hasashen abin da ya rage. Daga nan sai motar ta raba wannan da yadda take cin wuta a 'yan kilomitocin da ta wuce, ta fitar da lamba. Ke nan hasashe biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya: nawa ya rage a batir, da kuma nawa hanyar da ke gaba za ta ci. Kowanne na iya kuskure, kuma yanayin ƙasar Arewa na taɓa su duka biyun.

A fara da na biyun. Lambar da dillali ke faɗa, wadda ke rubuce a takardar mota, daga ɗakin gwaji ta fito. Ma'aunin Turai da ake kira WLTP ana yin sa ne a kan na'ura, cikin minti 30, a yanayin zafi na digiri 23, da matsakaicin gudun da bai kai kilomita 47 a awa ba. Ma'aunin China, wato CLTC, ya fi shi sassauci: matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 30 a awa ba, saboda an gina shi ne a kan cunkoson manyan birane. Shi ya sa mota guda za ta iya samun lambobi biyu mabambanta, na China ya fi girma, kuma shi ne dillali zai fi son ambata. To wane direba ne ke tafiya kilomita 30 a awa tsakanin Dosso da Kore Mairuwa? Turjiyar iska na ƙaruwa ne ninki huɗu idan gudu ya ninka biyu, don haka motar lantarki, saɓanin ta fetur, ta fi cin wuta a doguwar hanya fiye da cikin gari. A ƙara da hunturu, lokacin da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, wato tana dukan goshin duk motar da ta nufi Dutsi daga Yamai. A ƙara da lodi, wanda kowa ya san yadda ake yin sa: fasinja a ciki, buhunan dankali ko na wake a sama.

Sai zafi. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki biyar, ta gano cewa a zafin digiri 35 tare da kunna na'urar sanyi, nisan da suke iya zuwa na raguwa da kashi 17 cikin ɗari. Digiri 35 a watan Afrilu ko Mayu a Dogondutsi ai sauƙi ne aka samu, ma'auni kan haura 40 kwanaki a jere. Wanda ya sauka daga kwalta ya nufi Matankari, Dan Kasari ko Gesheme kuma ya shiga wani lissafin daban, domin yashi na riƙe taya, da damina kuma ga laka ga ƙoramu. Kwamfutar motar ba ta san wannan ba. Ita abin da ta gani a baya take ɗauka za ta gani a gaba. Motar da ta yi mako tana zagaya cikin Yamai a hankali za ta nuna lamba mai daɗi da safe, sai an wuce Dosso lambar ta fara zubewa fiye da kilomitocin da ake ci.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ɗauka mota na da batir mai kilowat-awa 50, kuma a cikin gari tana cin 15 a kowace kilomita 100. Allo zai nuna kusan kilomita 330, direba ya ga ya isa Dutsi har da rara. Idan gudu da zafi da lodi suka kai cin wutar zuwa 20, ainihin nisan ya koma 250, ya gaza da kilomita 25. Idan kuma motar ta hannu ce, batirinta ya tsufa har ya rage ɗaukar kashi 80 cikin ɗari na abin da yake ɗauka yana sabo, nisan ya koma 200. Wannan mota za ta tsaya ne kilomita 60 bayan Dosso. A halin tsaron da yankin ke ciki, kwana a daji ba abin wasa ba ne, kuma idan motar ɗaukar marasa lafiya ce da mai naƙuda a ciki, maganar ta wuce ta ɓata lokaci.

Tsufan batir shi ne ɓangaren da ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin zafi ne babban maƙiyinsa. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, wadda hamada ce, sun koka kan yadda batiransu ke rasa ƙarfi da wuri. Batirin wannan mota ba shi da tsarin sanyaya shi da ruwa, kuma daga baya kamfanin ya ƙara garanti a kan ƙarfin batirin. Irin waɗannan tsofaffin motoci su ne masu araha a kasuwar motocin hannu ta duniya, su ne kuma za su fara jan hankalin mai ƙaramin jari. Mai sayen motar fetur yana da dabarunsa: ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya zo da makanike. Batir kuwa ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Mai kyau da wanda ya gaji duk kamarsu ɗaya daga waje.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika zancenta ba, amma ta shafi Nijar kai tsaye. Yawancin motocin China masu sauƙin kuɗi na amfani da batir irin na LFP, wanda ya fi jure zafi, ya fi kuma daɗewa, abin da ya dace da Sahel. Amma ƙarfin wutarsa kusan ba ya sauyawa tsakanin rabin ciki da kusa da ƙarewa, don haka kwamfutar na shan wahalar gane inda take, kuma kuskuren ƙirgarta na taruwa a hankali. Maganinsa shi ne a riƙa cika batirin fal lokaci-lokaci domin ta daidaita lissafinta. Kamfanin Tesla ma yana ba masu irin wannan batir shawarar su cika shi aƙalla sau ɗaya a mako. To cikawa fal na buƙatar wuta mai tsayuwa na sa'o'i. Kowa na tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin Nigelec ke rabawa, ba a dawo da ita ba sai a Maris ɗin 2024. A garin da ake ɗauke wuta caji na tsakiya, mota za ta yi makonni ba ta cika ba, lambarta kuma na ƙara nisa da gaskiya ba tare da direba ya sani ba.

Kada kuma a ɗauka duk kuskuren na kimiyya ne. Akwai na kasuwanci. A Janairun 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta ci tarar Tesla won biliyan 2.85 saboda rashin bayyana wa masu saye yadda nisan motocinsa ke raguwa a lokacin sanyi. A Yulin shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa binciken da ya ce an tsara allon motocin kamfanin ya riƙa nuna lamba mai armashi idan batir na cike, sai ya sauka ƙasa da rabi lambar ta koma kusa da gaskiya. Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da hukumomi masu haƙora da lauyoyin masu saye, me zai hana ta faru da direban tashar Tibiri?

Duk wannan ba hujja ba ce ta ƙin motar lantarki. Ƙasar da rana ta yi wa yawa, wadda ta kafa tashar hasken rana mai megawat 30 a Gorou Banda da wata a Malbaza, ba ta da dalilin juya wa wannan fasaha baya. Adaidaita ko babur mai batir da ke zirga-zirga cikin garin Dutsi yana komawa gida kowane dare ba shi da wannan fargaba sosai. Matsalar ta doguwar hanya ce, kuma ana iya rage ta da abubuwan da ba su buƙatar biliyoyi.

Mafi gaggawa shi ne takardar lafiyar batir. Duk motar lantarki ta hannu da za ta wuce duwan ya kamata a jona mata na'urar gwaji, a rubuta kashi nawa na ƙarfinta na asali ya rage, a liƙa takardar a jikin gilashi kafin ta shiga kasuwa. Tarayyar Turai ta riga ta yi dokar da za ta tilasta wa kowane batirin mota samun irin wannan shaida daga Fabrairun 2027. Hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya a Nijar ba ta buƙatar jiran wannan rana. Wanda ke duba ko litar gidan mai ta cika lita, shi ya fi cancanta ya duba ko kilomitar da ke allo ta cika kilomita.

Sannan a gwada motocin a nan gida. A Norway, ƙungiyar masu motoci ta NAF kan fito da sabbin motocin lantarki sau biyu a shekara, da sanyi da kuma lokacin zafi, a tuƙa su a hanya har su mutu, sannan a buga sakamakon kusa da lambar da kamfani ya yi alƙawari. Ba abin da zai hana Jami'ar Dosso da ƙungiyoyin direbobi su yi irin wannan daga Yamai zuwa Konni, sau ɗaya a tsakiyar bazara, sau ɗaya da hunturu, da cikakken lodi, su kuma ƙara da zagaye guda a hanyar yashi. A karanta sakamakon da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyon karkara, inda direbobi ke saurare. Dillalin da ya san za a faɗi ainihin nisan motarsa a rediyo zai rage zuzutawa da kansa.

Su ma hukumomi da ƙungiyoyin agaji, waɗanda bisa ga al'ada su ne ke fara sayen irin waɗannan motoci, suna da ikon sa sharaɗi a takardar kwangila. Akwai motoci, irin su Chevrolet Bolt, da allonsu ke nuna lamba uku: mafi yawa, matsakaici, da mafi ƙaranci. A hanyar da babu tashar caji a tsakani, ta ƙasan ce kawai ke da amfani. Akwai kuma masu lissafi da taswira da hasashen yanayi idan aka saka musu inda za a je, sai dai wannan na buƙatar intanet da taswirar da ta san hanyar Sukukutan, don haka kada a saya da sunan abin da ba zai yi aiki a wurin ba.

Kafin hukuma ta motsa, direba na da abin yi. Ya bar kallon kilomita, ya kalli kason batir. Ya rubuta a littafi kashi nawa ya tashi da shi daga Dosso, kashi nawa ya isa da shi Dutsi, a wane wata, da wane lodi. Bayan tafiya goma zai san motarsa fiye da yadda kwamfutarta ta san ta, kuma littattafan direbobi ashirin idan aka haɗa su a ofishin ƙungiya sun isa su zama ma'aunin farko na hanyar.