Takardar Haihuwa Ba Abar Wasa Ba Ce

Sanin kowa ne cewa bisa Doka mai lamba 69 ta 1992, rajistar haihuwa wajibi ce a Nijeriya, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce aka danƙa wa aikin. Amma har yau mutane da yawa ba sa tunawa da takardar sai ranar da aka ce su kawo ta, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda tasa ta ɓata ko ta lalace, ga hanya. Ya yi rantsuwa a kotu, sa'an nan ya tafi ofishin Hukumar na jihar da aka yi masa rajista, ya ba da sunansa da na mahaifansa, da rana da wurin haihuwa. In an duba an same shi, sai a ba shi kwafi mai hatimi da sa hannu. Wanda kuwa ya kai shekara 18 ba a taɓa yi masa rajista ba, takardar tabbatar da haihuwa ake ba shi, bisa rantsuwar shekaru.

Ma'aikaci ya sani cewa da ranar da ke cikin takardar nan ake lissafa ritayarsa a shekara 60. Ɗalibi kuma da ranar haihuwarsa ake duba ko ya haura 30 wajen bautar ƙasa. Saboda haka muna gargaɗin jama'a su guji masu sayar da ta jabu a bakin ofisoshi, domin ranar tantance ma'aikata tana iya raba mutum da aikinsa da fanshonsa. Ita kuma Hukuma ya kamata ta liƙa kuɗin da ake biya a bango, ta riƙa ba da rasit.