AI WEIWEI: Ɗalibin fim ɗin da ya hana gwamnatin Chaina sakat

Da zarar an ce Chaina, abin da ke faɗo wa mai kallo a rai shi ne Jet Li ko Jackie Chan suna rabon naushi. To amma akwai wani ɗan ƙasar da ya shafe shekaru yana dambe da gwamnati ba tare da ya dunƙule hannu ba. Sunansa Ai Weiwei.

An haife shi a Beijin a 1957. Mahaifinsa, Ai Qing, shahararren marubucin waƙoƙi ne, amma sai hukuma ta shafa masa kashin kaji, wai ɗan adawa ne. Aka kora iyalin har can yankin Xinjiang, aka sa dattijon wankin masai na jama'a. Sai a 1976, bayan mutuwar Mao, suka dawo gida.

A 1978 ya shiga makarantar koyon fim ta Beijin, shekara ɗaya da Zhang Yimou, daraktan nan da ya yi fim ɗin Hero. Bai ƙarasa ba ya tsallaka Amurka a 1981, inda ya yi shekara 12 yana 'yan buge-buge, har da zana fuskokin mutane a bakin titi. Rashin lafiyar mahaifinsa ce ta dawo da shi a 1993.

Mai karatu zai ce, to wai mene ne aikinsa? Kaya yake tarawa, ya jera su a zaure ko a jikin gini har su ba da labari. Kamar dai mai tsara set a lokeshin, sai dai a nan babu jarumi, kayan ne ke wasan.

Rigimar ta kankama ne a 2008. A watan Mayu girgizar ƙasa ta kashe kusan mutum 70,000 a lardin Sichuan. Makarantu suka rufta kan yara, iyaye suka ce ginin ha'inci ne. Hukuma ta ƙi fitar da sunayen yaran. Gogan naka ya tara 'yan sa kai, suka bi gida-gida har suka tattara sunaye sama da 5,000, ya watsa a intanet. Aka rufe masa shafi. A Agusta 2009 'yan sanda suka doke shi a ka a birnin Chengdu, sai da aka yi masa tiyata a Jamus.

Shin ya daddara? Ina! A shekarar ce ya lulluɓe fuskar wani gidan baje kolin fasaha a Munich da jakunkunan makaranta 9,000. Launukan jakunkunan sun haɗu sun rubuta maganar wata uwa a kan 'yarta mai shekara bakwai da gini ya danne. Allah Sarki! Haka kuma ya kwaso tan-tan na rodin makarantun da suka lanƙwashe, ya sa ma'aikata suka miƙe su ɗaya bayan ɗaya da guduma, ya shimfiɗa su don duniya ta gani.

A Afrilu 2011 aka cafke shi a filin jirgin Beijin. Kwana 81 ya yi a tsare, masu gadi biyu na tsaye a kansa ko barci yake. Da ya fito aka ɗora masa harajin yuan miliyan 15. Abin mamaki, mutane wajen 30,000 suka yi masa karo-karo, wasu ma naɗe kuɗin suke yi kamar jirgin takarda su cilla masa ta kan katanga.

Da aka mayar masa da fasfo a 2015 sai ya koma Jamus, daga baya Ingila da Fotugal. Karatun fim ɗin nan kuwa bai tafi a banza ba: a 2017 ya fitar da Human Flow, labarin 'yan gudun hijira da ya ɗauka a ƙasashe 23.

Duk mai son ganin yadda aka kwashe tsakaninsa da hukuma, ya nemi Never Sorry na 2012. Babu rawa, babu waƙa, babu bos da za a kashe a ƙarshe, amma da wuya ka tashi ba ka kai ƙarshensa ba.