Jujin Toka A Bakin Kogi, Da Abin Da Ruwan Sama Ya Yi Masa

Ga wata mas'ala daga ƙasar Amurka wadda ta cancanci a zauna a yi mata nazari, gama ta shafi ruwan sha, ta shafi awo, ta kuma shafi wanda biya yake kansa idan ɓarna ta auku.

A jihar Karolina ta Arewa, kusa da birnin Wilminton, akwai wata tashar wutar lantarki mai suna Sutton, ta kamfanin Duke Energy. Tana bakin kogin Cape Fear. Shekaru da dama tana ƙona kwal, har zuwa 2013 da aka kashe murhunan kwal aka koma ga gas. To, wutar ta mutu, amma a lokacin tokar tana nan, wajen tan miliyan 7, jibge cikin kududdufai waɗanda ba a yi wa gindinsu shimfiɗa ba. Mai karatu ya san abin da mata ke yi in suna son ruwan toka: su zuba toka a kasko mai huda, su kwarara ruwa a kai, abin da ya tsiyayo ya fito da dukan ƙarfin tokar. Haka ruwan sama yake yi wa tokar kwal, sai dai abin da yake fitowa da shi guba ne, watau arsanik da dalma da zaiba da siliniyam. A watan Maris na 2015 hukumar jihar ta ci kamfanin tarar dala miliyan 25.1 saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya gurɓace a Sutton. Kamfanin ya yi jayayya, daga baya cikin shekarar aka daidaita a kan dala miliyan 7, wadda ta rufe dukan tashoshinsa 14 na jihar.

Abin da ya tada hankalin hukuma tun da farko ya faru ne a wani wuri dabam. Ran 2 ga Fabrairu 2014 ne wani bututun ruwan sama da ya ratsa ƙarƙashin kududdufin toka a garin Eden ya fashe, tan 39,000 na toka suka kwarara cikin kogin Dan, suka bi shi har mil 70. Majalisar jihar ta yi dokar toka a wannan shekara, ta sa Sutton cikin wuraren da wajibi ne a kwashe tokarsu da gaggawa. A watan Mayu na 2015 kamfanin ya amsa laifi tara a gaban kotun tarayya, aka yanke masa dala miliyan 102. Sa'an nan aka shiga kwasar tokar Sutton. Wata aka ɗauke ta da jirgin ƙasa zuwa wani tsohon ramin haƙar yumɓu, sauran kuwa aka gina mata sabon juji a cikin harabar tashar, mai shimfiɗa a gindi, irin wanda doka ta yarda da shi.

Wannan sabon jujin, wanda aka gina don ya zama magani, shi ne ruwa ya zaizaye.

Guguwar teku mai suna Fulorens ta sauka gaɓar jihar ran 14 ga Satumba 2018, ta yi ta jan ƙafa kamar raƙumi mai nauyin kaya, tana zubar da ruwa kwana da kwanaki. A garin Elizabethtown an auna kusan inci 36, watau kusan ruwan da ƙasar Kano kan samu a damina guda cif. Ran 15 ga wata kamfanin ya ba da sanarwa cewa gangaren jujin ya zabtare, ya ƙiyasta abin da ya gusa da yadi 2,000 na tsawo da faɗi da zurfi, kimanin lodin tifa 180. Ya ce mafi yawansa ya tsaya a lambatun da ya kewaye jujin da hanyar motocin kaya, duk a cikin filinsa. Kafin a gama da wannan, ran 21 ga wata kogi ya cika ya fasa madatsar tafkin Sutton, tafki mai faɗin eka 1,100 da ake sanyaya injuna da ruwansa, ruwa ya haye katangar ƙarfe ya shiga wani tsohon kududdufin toka na 1971 wanda ba a gama kwashewa ba.

Gyaran irin wannan ɓarna ba ɓoyayyen ilmi ba ne, duk magini na ƙasa zai gane shi. Da fari a juya ruwa ya daina bin inda ya tsage, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙaramin layin da ruwa ya ja yau shi ne kwazazzabon gobe. Sa'an nan a kwashe tokar da ta gudu a mayar da ita cikin shimfiɗa, a sa katafila ta sake tsara gangaren, a daɓe. A buɗe a duba robar da ke gindi ko ta yage, in ta yage a liƙe ta da zafi, a jarraba ɗinkin. A rufe da ƙasa, a shuka ciyawa, a jera duwatsu cikin lambatu don su karya gudun ruwa. Wannan aiki ne na makonni ko watanni kaɗan, kuma kamfanin da ke da kuɗi ba ya gagara yinsa. Abin da ya fi wuya shi ne tambayar da ke bayansa: shin wanda ya gyara ya fita daga zargi ke nan?

A nan sai a duba dokar kanta. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idar tokar kwal a watan Afrilu na 2015, bayan an daɗe ana jira tun ɓarnar Kingston ta jihar Tenesi a Disamba 2008, inda bango ya fashe laka da toka fiye da galan biliyan 1 suka malale gonaki da gidaje. Ƙa'idar tana da sharuɗɗa masu kyau, ba a musun wannan. Sabon juji sai an yi masa gindi biyu, roba mai kauri a bisa, daɓen ƙasa ƙafa 2 a ƙarƙashi. Ruwan da ke tsiyayowa daga toka sai an janye shi da bututu, kada ya taru ya kai santimita 30 a kan robar. Sai an haƙa rijiyoyin gwaji, aƙalla ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, uku ta inda yake gangarawa. Sai ƙwararre ya zagaya jujin kada a wuce kwana 7 ba a duba ba, injiniya kuma ya yi babban dubawa sau ɗaya a shekara. In an rufe juji, sai an sa masa ƙasa inci 18 mai hana ruwa shiga, da wata inci 6 a bisa wadda ciyawa za ta kama, kana a ci gaba da tsaronsa shekara 30.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar ta ce a gina hanyoyin ruwan juji yadda za su ɗauki ruwan da akan yi cikin sa'a 24, irin wanda ake zaton zuwansa sau ɗaya a shekara 25. Mutane da yawa in sun ji haka sai su ɗauka ruwan yana da alkawari, ya zo yau ba zai komo ba sai bayan shekara 25. Ba haka ma'anar take ba. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai kashi 4 cikin 100 na yiwuwar a yi irinsa ko wanda ya fi shi. Masu hisabi su lissafa: in aka jera shekara 30, watau daidai lokacin tsaron da dokar da kanta ta ajiye, yiwuwar a gamu da shi aƙalla sau ɗaya ta wuce kashi 70 cikin 100. Ashe kuwa doka ta yi awo da mudun da ta san zai cika ya zube. Toka ba ta ruɓewa, arsanik ba ya tsufa, bayan shekara 100 yana nan yadda yake. Ga shi kuma gabashin Karolina ta Arewa ya ga manyan ambaliya uku cikin ƙasa da shekara 20, Floyd a 1999, Matthew a 2016, Fulorens a 2018. Wanda ya ga wannan ya ci gaba da kiran irin wannan ruwa baƙo, lalle bai yi wa kalmar adalci ba. Kamfani yana iya cika kowane sharaɗi na takarda, ruwa ya zo ya wuce abin da takardar ta ƙiyasta, gangare ya zabtare, a rasa wanda za a kama, alhali kuwa masu kamun kifi da masu shan ruwan kogi su ne suka ɗauki hasarar.

Idan wani ya ce, ai ba a gina wa kowace irin masifa, in aka ce sai juji ya jure ruwan inci 30 kuɗin wuta zai gagari talaka, sai a ce masa maganarsa tana da fuska. Juji da ake cikin cikawa a buɗe yake, ba rufi, ba ciyawa, kamar soron da ake cikin ginawa damina ta same shi, kuma da ba a fara kwasar tokar ba da ɓarnar ta fi haka nesa. Wannan gaskiya ne, ya kamata a faɗe ta don kada a zalunci kamfanin. Sai dai hujjar tana komawa kan mai ita. Tun da an san buɗaɗɗen juji shi ne mai rauni, an kuma san watannin guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba ne, ana kuma hango ta tun tana tsakiyar teku da kwanaki, to wajibi ne doka ta iyakance faɗin abin da za a bari a buɗe a waɗannan watanni, ta kuma tilasta a tanadi tamfol da ƙasar rufi a gefe. Ɗan kasuwar da ya shanya gyaɗa ya ga hadari ya haɗu ba ya jiran ɗigon farko. Tsadar da ake tsoro kuwa mafi yawanta ta wuri ce: juji a bakin kogi, a ƙasa mai kwari kusa da teku, shi ke bukatar katanga mai tsada, wanda aka kai tudu ba ya bukatarta.

Mas'ala ta biyu ta awo ce, ita ce kuma attajirai za su fi saurin ganewa. Wa ya ce yadi 2,000 ne suka gusa? Kamfani. Wa ya ce mafi yawansu sun tsaya a lambatu? Kamfani. Ba a ce ƙarya ya yi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ba kasuwar da mai sayarwa zai auna da mudunsa a bayan rumfa, ya fito ya faɗi adadi, mai saye ya biya bai gani ba. Ƙa'idar 2015 haka aka gina ta da fari: kamfani ya ɗauki injiniyansa, injiniyan ya sa hannu, a buga takardun a intanet, wanda bai yarda ba ya kai ƙara kotu da kuɗinsa. Sai a Disamba 2016 majalisar tarayya ta ba da ikon a riƙa ba da lasisi ana bin sawu. Da Fulorens ta zo, hanyoyi sun yanke, ma'aikatan hukuma ba su isa wurin da wuri ba. Da aka ɗebi ruwa aka gwada, sai magana ta rabu. Kamfani da hukumar jiha suka ce gwajinsu bai nuna kogin ya gurɓace da toka ba. Ƙungiyar masu tsaron koguna ta Waterkeeper ta ce ta sami arsanik ninki 71 na abin da aka yarda a ruwan sha, a wani wuri kusa da inda madatsar ta fashe. Mai yiwuwa ne dukansu sun faɗi abin da kwalbarsu ta ɗebo, gama wanda ya ɗiba a tsakiyar kogi mai gudu da wanda ya ɗiba a bakin ɓaraka ba ruwa ɗaya suka ɗiba ba. Illar ita ce ba a ajiye tun kafin ɓarna inda za a ɗiba, da wanda zai ɗiba, da lokacin ɗiba ba.

A 2019 Farfesa Avner Vengosh na Jami'ar Duke, wadda suna kawai ya haɗa ta da kamfanin a wannan bincike, shi da abokan aikinsa suka tono lakar gindin tafkin Sutton. Suka sami toka kwance a ciki, da alamun cewa ta daɗe tana shiga tun kafin Fulorens, ba sau ɗaya ba, ba a kuwa rubuta ba. Ruwan bisa yana wucewa ya tafi teku da shaidarsa, laka ita ce ke riƙe labari. Saboda haka duk dokar da ta ce a gwada ruwa bayan ambaliya ta manta da laka, rabin shaida ta karɓa. Tafkin nan kuwa mutane suna kamun kifi a cikinsa.

An gama kwashe tsofaffin kududdufan Sutton a 2019. A Janairu 2020 kamfanin ya yarda, bayan shari'a da hukumar jiha da ƙungiyoyin jama'a, zai haƙe kusan tan miliyan 80 a wasu tashoshi 6 ya mayar cikin juji masu shimfiɗa. Kowane ɗaya daga cikinsu zai yi shekaru yana buɗe ana cika shi, damina tana zuwa tana wucewa a kansa, da mudun nan na shekara 25. Kuɗin aikin kuwa, an yi ta ja a kan ko masu hannun jari ne za su ɗauka ko masu biyan kuɗin wuta. A Janairu 2021 aka daidaita da babban lauyan jihar na lokacin, Josh Stein, kamfanin ya yafe wa masu biyan wuta kimanin dala biliyan 1.1 zuwa shekarar 2030. Abin da ya saura, wanda ya fi wannan yawa, yana shiga takardar kuɗin wuta ta wata-wata.