Sharhi: Girman Kesh Kaɗai Ba Ya Sa Kwamfuta Sauri

 Sharhinmu na yau na mai shirin sayen kwamfuta ne, ko sauya faifan ajiyarta, wato had-dis. A jikin faifan akan rubuta megabait 64 ko 256. Wannan shi ne kesh, kuma shi mai sayarwa yakan nuna ya ce maka ga sauri nan.

Kesh 'yar ma'ajiya ce a jikin faifan. Ɗauke ta tamkar teburin mai shago, faifan kuma sito. Abin da ke kan tebur, miƙa hannu ne kawai. Abin da babu, dole a shiga sito. Faifai mai juyi 7200 a minti yakan jira kimanin milisakan 4 kafin wurin da ake nema ya iso ƙarƙashin allurar da ke karanta faifan, mai juyi 5400 kuwa 5 da rabi. Faɗin tebur ba ya rage wannan jiran.

A 2001, da kamfanin Western Digital ya fito da faifai mai kesh megabait 8 alhali 2 aka saba gani, an ji bambanci. Yau kuwa daga 64 zuwa 256 da ƙyar mai aikin ofis zai lura, domin Windows ta riga ta tara abin da ake yawan buɗewa a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, kuma gigabait 8 na RAM ya ninka megabait 256 sau 32.

Wani lokacin ma babbar lambar rufa-rufa ce. A 2020 aka gano wasu faya-fayan WD Red na wannan kamfani masu kesh 256 suna jera rubutu layi bisa layi kamar kwanon rufi, fasahar da ake kira SMR. In rubutu ya yi yawa sai su yi nauyi, alhali tsofaffinsu masu 64 ba su da wannan matsalar.

Sai batun wuta. Sabon rubutun da ke kan tebur bai shiga sito ba tukuna. Wuta na ɗaukewa ya tafi, aikin wani na yini guda ya salwanta. Mai kwamfutar tebur ya tanadi UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke.

Don haka, ɗan'uwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Tambayi yawan juyin faifan, ka tambaya ko SMR ne. In kuɗinka sun kai, ƙara RAM, ko ka sa SSD, wanda ba shi da allura balle jira. Nan saurin yake.