Daga Ziriums zuwa Daddy Yankee: Hanyar mawaƙin Hausa ta Jibiya ta bi

Wanda ya san mazaɓar Kusa a ƙaramar hukumar Jibiya ya san cewa iyakar da ta raba Najeriya da Nijar ta fi ƙarfi a kan takarda. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Tireloli suka yi cirko-cirko, farashin abinci ya tashi, amma waƙa ba ta taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Abin da matashi ya saurara a Katsina da safe, da yamma yana cikin wayar ɗan'uwansa a Ɗan Isa ko Maraɗi. Ra'ayina shi ne, wannan ce babbar dukiyar mawaƙin gambarar zamani na Hausa, kuma ita ce ya fi wulaƙantawa.

Mu ɗauki rayuwar Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Ɗan Kano ne, yana cikin waɗanda suka fara ɗora Hausa tsantsa a kan kiɗan hip-hop. Ya yi tashe a lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta matsa wa 'yan fim da mawaƙa lamba a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim. Waƙarsa "Girgiza Kai" suka ce ga wannan matsin, kuma tana cikin waƙoƙi 11 da wata kotu ta haramta a Kano a 2009. Haramcin bai kashe ta ba, sai ma ya ƙara mata farin jini, tana yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Amma mai waƙar ya bar Kano, kuma farin jinin bai zame masa sana'ar da za ta riƙe shi a gida ba. An ji muryarsa, aljihunsa bai shaida ba.

Yanzu a dubi wani da ya faro daga irin wannan ƙunci a wata nahiyar. Ramón Ayala, wato Daddy Yankee, ya tashi a rukunin gidajen talakawa na Villa Kennedy a birnin San Juan na tsibirin Puerto Rico. Burinsa wasan ƙwallon baseball ne, har harsashin da ba shi aka nufa ba ya same shi a ƙafa, ya koma waƙa. Kiɗan da yake yi, wanda daga baya aka sa wa suna reggaeton, hukuma ta ɗauke shi kiɗan 'yan iska: a 1995 'yan sanda sun kai samame shagunan kaset suna kwashe shi. Shekara tara bayan haka, a 2004, ya fitar da kundin Barrio Fino mai ɗauke da "Gasolina", duniya ta ɗauka. A 2017 shi da Luis Fonsi suka yi "Despacito". Ya yi bankwana da dandali a Disambar 2023, yana mai cewa zai koma ga addininsa.

Abin lura a nan shi ne, bai kai inda ya kai ta hanyar barin Sifaniyanci ba. Puerto Rico ƙaramin tsibiri ne, mutanensa ba su kai miliyan huɗu ba. Kiɗan ya girma ne domin ya fara bin 'yan'uwan harshe: Panama, inda wani ɓangare na tushensa yake, da Jamhuriyar Dominika, da Kolombiya, da 'yan ci-rani a New York da Miami. Sai da ya mallaki gida, sannan baƙi suka zo kallo. Magajinsa Bad Bunny ya tabbatar da haka a 2020, lokacin da kundinsa ya zama na farko da aka rera gaba ɗaya da Sifaniyanci ya hau saman jadawalin Billboard 200 na Amurka.

Mu kuwa, yawancin matasanmu Legas suke kallo. Suna ganin sai sun cusa Turanci da Burokin a baitukansu kafin a ɗauke su da daraja, alhali can akwai dubban da suka fi su iya wannan harshen. A bayansu kuma ga Maraɗi, wadda har yau sarkinta Sarkin Katsina ake kiransa, ga Damagaram, Tawa da Agadas, ga zangon Kumasi da Accra, ga Hausawan Kamaru, Chadi da Sudan. Nijar ma tana da nata tarihin gambarar, da ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney. Sau nawa aka ji mawaƙin Kano ko Kaduna ya haɗa kundi da takwaransa na Yamai? Dr. Mamman Shata, ɗan Musawa, bai san Turancin waƙa ba, amma har yau ana jin sa a kowane gefen iyakar.

Mai ja da wannan magana zai ce masu Sifaniyanci kusan miliyan 500 ne, kuma da yawansu na da kuɗin biyan Spotify, namu kuwa a shagon masu tura waƙa suke karɓa a kan 'yan nairori. Zai ƙara da cewa hanyar Katsina zuwa Jibiya ta sha fama da 'yan bindiga. Duk gaskiya ne. Sai dai reggaeton ma da kaset ɗin bayan fage ya fara. Mai sauraron da ba ya biya a intanet yana sayen tikitin wasa, da naira ko da sefa, idan an kawo wasan garinsu. Abin da muka rasa shi ne masu shirya wasanni da manajoji da za su ɗauki Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram a matsayin kasuwa guda.

Hukumomi ma suna da nasu karatun. Haramcin 2009 bai hana kowa jin waƙa ba, mawaƙin kawai ya kora. Tarbiyya abin kiyayewa ce, amma a bambanta batsa da sukar mai mulki. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Jibiya zai wuce. Ranar da jirgin ya fara tashi, ya kamata a tarar mawaƙanmu sun riga shi isa.